Yaya Shatu da Kiran Ranar Juma'a

Ina cikin takaba, ko kwana arba'in ban yi ba, matar Harisu ta haihu a Fatakwal. Harisu shi ne ɗana na uku. Ya ce tunda ba fita zan yi ba, zai nuna mini jaririn ta waya. Kwana uku yana kira. Wayar ta yi ƙara, in danna inda aka koya mini, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan gilashin, can sai ya mutu. Ban yi kuka ba. A kwanakin nan ko kukan ba ya zuwa mini. Nakan dai ajiye wayar a kan dadduma in ci gaba da jan carbi.

Rana ta huɗu Yaya Shatu ta shigo da kwalbar man gyaɗa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a nan cikin Daura, amma sai gaisuwa kawai ke haɗa mu a da. Ta same ni riƙe da wayar.

"Hajo, ke da wa?"

"Ba kowa, Yaya. Waya ce."

"Miƙo."

Ta duba saman gilashin, ta ce tsanina ɗaya ne, wato 'yan sandunan nan masu nuna ƙarfin sabis. Ta ce kwanon ɗakina da doguwar katangar maƙwabcinmu sun tare komai. Ta fita tsakar gida da wayar a sama, tana tafe a hankali kamar mai neman inda kaza ta yi ƙwai. Tsakanin randa da bishiyar zogale ta tsaya. Ta jawo turmi ta kwantar da shi.

"Zauna nan. Kar ki matsa, ko ƙuda ya dame ki."

Ta goge idon wayar da bakin mayafinta, ta kira Harisu da kanta, ta miƙo mini. Sai ga jaririn, ja-jawur, yana hamma. Da na ɗago in yi mata godiya, ta riga ta kai zaure, ta ba ni baya. A can ta tsaya har na gama. Tun daga ranar na san ta.

A Babban Mutum aka haife ta, can wajen iyaka. Gidansu akwai jinin Fulani, kuma kunyarsu ta fi tamu ta cikin gari nauyi. Mijinta na fari Sama'ila, dillalin awaki ne. Ta haifa masa 'ya mace. Da aka yaye yarinyar sai yayarsa Zaituna, wadda ke zaune a Makka, ta zo ganin gida ta ce a ba ta riƙo. 'Yar fari ce, uwa ba ta da bakin magana a kanta, ko da a ce maƙwabta za a kai ta ko bayan teku. Shatu ta ce mini ranar da za su tafi, ita tana bayan ɗaki tana tankaɗe. Ba ta fito ba. Aka yaba mata ƙwarai.

Bayan nan ta haifi biyu, ba su tsaya ba. Auren ya mutu. Ta auri wani tela a Daura, Malam Dabo, suka zauna shekara ashirin da wani abu babu haihuwa, shi ma ya rasu. Danginsa suka bar mata ɗaki ɗaya da madafi. Tana soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Duk abin da ta taɓa sai ya yi ƙanshin gyaɗa, har Alƙur'aninta.

Sunan yarinyar Lubna. Ni ce nake rubuta shi. A bakin Shatu ban taɓa jin sa ba. "Ta wajen Zaituna" take cewa, ko "mutuniyar can". Ban ga laifinta ba, ni ma babban ɗana ban taɓa kiran sunansa ba, kuma in yana ɗaki ba na zama.

Lubna ta girma a can, ta yi aure a Jidda, ta haifi huɗu. Bayan Zaituna ta rasu ta nemi lambar uwarta har ta samu, ta aiko mata da babbar waya ta hannun wani alhaji. Shatu ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Amma ta zauna da wayar nan kamar yadda take zama da gyaɗa, tana tsince ta ɗaya bayan ɗaya, har ta san ta. Ba ta karanta rubutun, siffa take ganewa. Ta raɗa wa kowace alama suna: tsani, ɗan jirgi, kibau biyu, ƙafar keke.

Kafin shekara biyu matan unguwa sun daina kai waya kasuwa. Mace ba ta son miƙa wa namiji wayarta da hotunanta babu ɗankwali a ciki. Wajen Shatu ake zuwa, tana gaban kasko, ta goge hannu a zani ta karɓa. Tana da tsarinta, ba ta tsallake ko ɗaya. Ta fara duba tsani. Ta duba ko kibau biyun suna motsi, don wata datarta ta ƙare tun jiya tana ta zagin kamfani. Wata kuma sim biyu gare ta, data tana ɗaya, wayar tana nema a ɗayan. Sai ta kunna ɗan jirgi, ta yi salati uku, ta kashe shi. In bai yi ba ta kashe wayar gaba ɗaya ta kunna. In mutum ya cire batir, takan duba kwanan wata, ta ce wayar da ta ɗauka muna shekarar da aka ƙera ta ba za ta haɗa ki da kowa ba. Mutanen garinsu in sun zo, ta san ciwonsu tun kafin su zauna: wayarsu ta saba tsallakawa ta kama sabis ɗin Nijar, sai an dawo da ita gida da hannu.

Murja, matar mai shagon bakin titi, ita ce ta fi kowa zuwa.

"Yaya Shatu, ta sake ƙi."

"Bikin wa kika zuba mata kuma?"

"Wallahi wa'azi ne kawai."

"Wa'azin da ake rawa a ciki? Ga shi nan, amarya har uku. Cikinta ya cika, Murja, ko ke kika ci haka ba za ki iya magana ba."

"To kar ki goge na Fadila."

"Na Fadila ma an yi sakin, me za ki yi da shi?"

Ba ta karɓar komai. Wani lokaci a sayi ƙuli, wani lokaci a tafi haka.

Da na fita takaba sai na riƙa shiga wajenta da yamma ina taya ta ɓarar gyaɗa. A nan na san ranar Juma'a. Lubna takan kira bayan la'asar ɗinmu, lokacin su sun yi magariba a can. Tun azahar Shatu take sauke kasko, ta yi wanka, ta sa atamfarta mai ruwan ƙasa, ta shafa kwalli. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno a bakin madafi, inda tsaninta ke cika. Wayar na ƙara sai ta bari ta yi sau uku tukuna.

Juma'ar farko da na zauna kusa, na ji muryar tana cewa, "Ummi, ina jin ki amma ban ganin ki. Baƙi ne kawai." Hausarta da nauyi, irin ta waɗanda suka tashi a can.

Shatu ta ce, "Haka nan garin yake. Ya yaran?"

Na leƙa. Ga Lubna tar a gilashi, fara-fara mai faɗin goshi irin na uwarta, ƙaramin yaro yana hawa kafaɗarta. Sannan na ga babban yatsan Shatu. Yana kan ɗan idon nan na sama, ta danne shi har farcen ya yi fari. Fuskarta kuwa tana dab da gilashin. Ban taɓa ganin mutum yana kallon wani abu haka ba. Ko ƙiftawa ba ta yi. Bakinta yana ba da amsa gajere-gajere, lafiya lau, to, madalla, a gaishe shi, idonta kuma yana bin goshin, da kunnen, da hannun, har da labulen da ke bayan yarinyar.

Da aka gama muka koma kan ɓarar gyaɗa. Sai da muka cika kwano ta ce, "Kin gani ko?"

"Na gani."

"In ta ga ina kallonta fa? Ido cikin ido, ni da ita?"

"Ai ba ta san wannan ba, Yaya. Can ta tashi."

"Ni na sani."

Ta ce ranar farko ba da niyya ta yi ba, riƙon wayar ne ba ta iya ba. Da ta gane yarinyar ba ta ganin ta, sai ta ji ta samu abin da ba ta taɓa samu ba. Shekara talatin da wani abu ba ta san kamanninta ba. Ko lokacin da take goye da ita, ba ta taɓa zama ta ƙare mata kallo ba, don gidan cike yake da surukai. Yanzu ga ta, kowace Juma'a, ta kalla iya son ranta, ba wanda ya kama ta.

Na ce, "Amma kina ce mata sabis ne."

"Ban taɓa cewa sabis ne ba. Haka garin yake, na ce. Ƙarya na yi?"

Ni dai na san abin da yarinyar ta ɗauka. Ta sake aiko da wata wayar, wadda ta fi ta farko, ta ce ƙila idon waccan ne ya lalace. Ta sa ɗanta babba ya yi ta yi wa kakarsa bayani, danna nan, buɗe can, ki ba shi izinin kyamara. Shatu tana cewa to, to, alhali ita ce ke koya wa unguwa guda wannan izinin. Shekara shida ana haka.

Sai Murja ta tafi Umra da azumi. Shatu ta ɗaura mata ƙuli da daddawa da kuka ta kai wa ta wajen Zaituna. Murja ta kai har gida, aka karɓe ta da kyau, ta ci ta sha. Da ta dawo ta zo tana ba mu labari da murnarta.

"Na ce mata, ke ai kin yi dacen uwa. Duk unguwarmu ba wayar da ke gagarar ta. Ni nan da kike gani, in ban da ita da ban ga ɗana da ke Legas ba. Tar muke ganin juna, shi ma yana gani na har ƙurjin da ke hancina."

Shatu ta tsayar da hannunta a cikin gyaɗa. "Sai ta ce me?"

"Ta dai tambaye ni nisan gidana da naki. Na ce taku ashirin."

Murja ba ta san ta yi wani abu ba. Har yau ban gaya mata ba.

Juma'ar da ta biyo, ina nan, Murja ma tana nan da wata mata da ta kawo waya. Aka kira. Shatu ta bari ta yi ƙara uku, ta ɗauka yadda ta saba. Lubna ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Ummi, ɗauke hannunki."

Shatu ba ta motsa ba.

"Na san hannunki ne. Na ga jan da yake yi in rana ta bugo. Da ina cewa lalacewa ce. Ɗauke, in gan ki sau ɗaya."

Na dubi yatsan. Yana nan kan idon. Shatu ta dubi Murja, ta dubi baƙuwar, ta dubi ƙasa. Da mu kaɗai ne ban san abin da za ta yi ba. Na sha tunanin da na tashi na janye matan nan zuwa zaure. Ban tashi ba. Ina zaune da kwano a cinya.

"Kin ba da ni daga yaye," in ji Lubna. Ba ta ɗaga murya ba. "Na ce ƙila dole aka yi miki. Na neme ki da kaina. Ko sunana ba ki taɓa kira ba, na ce ƙila haka kuke. Yanzu fuskarki ma kin hana ni. Me na yi miki?"

Shatu ta ce, "A gaida yaran."

Kiran ya katse, gilashin ya koma hoton ɗakin Ka'aba da ke kan wayar. Shatu ta ajiye ta, ta karɓi ta baƙuwar, ta duba tsani, ta duba kibau, ta ce sim na biyu ne. Ta gyara mata, matar ta tafi.

Juma'a ta zagayo, Shatu ta yi wanka ta sa kwalli ta zauna. Ba a kira ba. Ta gaba ma haka. A ta uku ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ita ta kira. Na ga yadda ta riƙe wayar, daga ƙasa, da hannu biyu, yatsunta nesa da idon. Fuskarta ta fito a ɗan akwatin gefe. Kiran ya yi ta tafiya bai shiga ba. Hoton Lubna da ke jikin lambar, wanda take tsaye da yaranta a bakin teku, babu shi, sai wani farin kan mutum marar fuska. Ta yi saƙon murya, gaisuwa ce kawai, ya tafi da alama ɗaya ya tsaya. Ta san ma'anar wannan. Na sha jin tana gaya wa matan da mazansu suka yi nisa, a hankali, cewa wannan ba ciwon waya ba ne, an rufe ƙofa ne daga can.

Duk da haka ta bi tsarinta. Ta duba tsani, cike. Kibau suna motsi. Ta kunna ɗan jirgi, ta yi salati uku, ta kashe. Ta kashe wayar ta kunna. Ta duba kwanan wata. Ta goge hotunan da ba su da yawa dama. Ta ɗauko tsohuwar wayar ta mayar da sim ɗin ciki. Ta tashi ta zagaya tsakar gida da hannu a sama, har ta shigo gidana ta tsaya tsakanin randa da zogale. Haka ta riƙa yi kowace Juma'a, daga la'asar zuwa kiran magariba, sannan ta naɗe cajar ta yi alwala.

Na ce ta kira da tawa. Ta ƙi har wata biyu, ta ce ba a bin ɗan fari. Ranar da ta yarda, kiran ya shiga, ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari ni ma hoton ya ɓace a tawa. Na ce to a samu wanda zai je ya yi mata bayani, cewa a wajenmu wannan ba ƙi ba ne. Ta ce wa zai yi? Zaituna ce ta san abin, ta kuwa mutu. Na roƙi wani malami da zai tafi aikin Hajji, ya ce in sha Allah. Da ya dawo ya ce cunkoso bai bar shi ya shiga Jidda ba.

Ba ta rame sosai ba, ba ta daina sana'a ba. Mata suna zuwa, tana tsokanar Murja kamar da. Abu ɗaya na lura, in ta haɗa wa mace kira, ba ta ƙara tsayawa a kusa ko ta ba da baya. Ɗaki take shigewa ta sakaya ƙofa.

Da damina ta biyu hawan jininta ya tashi. Ta faɗi a bakin madafi ranar wata Talata da hantsi, aka kai ta asibiti, ta kwana biyu ba ta magana, ta cika ranar Alhamis. Ni na yi mata wanka, ni da wata ƙanwarta da ta zo daga Babban Mutum. Ƙanwar ce ta sa aka sanar da can ta hannun dangin Sama'ila. An ce Lubna ta kira wani kawunta ta yi gaisuwa, kiran murya. An ce ta yi kuka. Ban ji da kunnena ba. Wayoyin biyu ƙanwar ta tafi da su cikin kayan gado. Allah ya jiƙan Yaya Shatu, ya sa ta huta.

Kamar sati uku kafin faɗuwar, wata Juma'a, ta gama zagayenta ta dawo ta zauna kusa da ni. Hadari yana haɗuwa ta gabas, muna sauri mu kwashe gyaɗar da aka shanya. Ta ajiye wayar a kan faifai tsakaninmu.

"Hajo."

"Na'am, Yaya."

"Ranar Juma'a kar ki riƙa yin nisa."

"Ina zan je?"

"In ta kira, ban yarda da kaina ba. Yanzu ina cewa zan iya, don na san ba za a ɗauka ba. In na ji muryarta, hannun nan zai tafi da kansa." Ta dubi hannun kamar na wani. "Ke za ki ɗauka. Ki kori duk wanda ke gidan, ko wace ce. Ki riƙe wayar da kanki, ki saita ta a fuskata. In na kai hannu ki buge shi. In na sunkuyar da kai ki ce in ɗago. Ko na yi miki faɗa kar ki saki, sai ta ce ta gani."